Hanyar Zuwa Dajin Raisa Lvovna

Kafin in taɓa yin doguwar magana da Raisa Lvovna, na riga na ji labarinta a bakin ɗalibai sun fi ashirin. Wata 'yar Italiya ta ce matar kan riƙe gishiri a teburin abinci, ba za ta miƙa maka ba sai ka roƙa da cikakkiyar jimla. Wani Bajamushe ya ce ta ƙwace masa waya ta jefa a tukunya ta rufe, don ta kama shi yana neman fassarar kalma. Maƙwabtanta na cewa shekara talatin da huɗu ta yi tana sayar da magani, ba ta taɓa ba kowa ƙwaya babu takardar likita ba, har mijinta. Malamai kuwa cewa suke, duk ɗalibin da ya yi wata uku a gidanta zai fito yana faɗa da direban bas kamar a nan Novgorod aka haife shi. Shi ya sa makarantarmu ba ta taɓa cire sunanta daga cikin gidajen da ake saukar da ɗalibai ba, duk da ƙorafin da ake kawowa.

Makarantar koyon Rashanci ce ta baƙi, a wani tsohon gini kusa da ganuwa, ni kuma aikina karɓar riguna. Kowa ya shigo sai ya cire rigar sanyinsa ya miƙo mini ta kan kanta, in rataye, in ba shi lamba. Sunana Klavdiya Ilyinichna, amma ɗalibai Gwaggo Klava suke ce mini. Ba ni da yawan magana, kuma abin da ya sa suke son kantata ke nan. Duk wanda aka ba aikin gida na baka sai ya zo ya gwada a kaina kafin ya shiga aji. Ba na katse mutum, ba na dariya. Ni kaina sai da na kai shekara arba'in da ɗaya na gama makarantar yamma, bayan na bar tatsar shanu a ƙauyenmu, don haka na san yadda babba yake ji in ya buɗe baki gaban mutane kalma ta ƙi zuwa.

A wannan shekarar, wanda aka saukar a gidan Raisa Lvovna shi ne Nyoman, mutumin tsibirin Bali, ɗan shekara talatin da shida. Sana'arsa a can yi wa 'yan yawon buɗe ido jagora. Kamfaninsu ya ce in ya kawo takardar shaidar ya iya Rashanci za a riƙa ba shi baƙin Rasha, shi ne ya bar mata da 'ya'ya biyu ya zo na wata huɗu. Jarrabawarsa tana ƙarshen Oktoba, kuma ɓangaren magana ne yake tsoro. Wata guda ya wuce bai kawo ƙara ba. Har aka fara jin Raisa Lvovna tana kiransa Nyoma, tana kuma cusa masa gurasa mai kabeji a jaka in zai fito.

Tsakiyar Satumba, lokacin da lemar kwaɗi irin wadda ake ci ke fitowa, ta tafi da shi daji ɗiba. A nan kowa da wurinsa, kuma ba a tambaya. In ka ga maƙwabcinka da kwando cike ka ce a ina ya samo, zai ce maka a daji, kai ma ka san iyakar amsar ke nan.

Ranar Litinin Nyoman ya zo kantata da littafinsa a buɗe, goshinsa duk cizon sauro.

"Gwaggo Klava, minti biyar," in ji shi. "Malama Ilona Markovna ta ce kowa ya ba da labarin wata hanya da ya bi. Ki saurara."

Na ce ina ji.

Ya miƙe tsaye sosai, irin tsayuwar da yake yi wa baƙinsa a can, ya fara. A hau bas ɗin Zapolye na bakwai saura kwata. A sauka a tasha ta biyu bayan gada. A bi layin turakun lantarki, a ƙirga turaku goma sha bakwai. A na goma sha bakwai a juya hagu, inda wata tsohuwar taya take rataye a reshe. A ƙetare rafi ta kan gungume. A yi taku ɗari uku, rana tana kafaɗar dama. A nan ƙasa za ta ɗan tashi, gansakuka za ta yi kauri, fararen lemomi suna ƙarƙashinta.

Tun a turakun lantarki na gane abin da nake ji. Kamata ya yi in ɗaga hannu in ce, Nyoman, tsaya, wannan ba a faɗarsa. Ban ɗaga ba. Na gaya wa kaina ai ni ba na katse ɗalibi. Gaskiyar kuwa ita ce, so nake in ji ƙarshen hanyar.

Sau uku ya gwada a kaina cikin makon. Zuwa Laraba na fi shi haddace ta.

Ranar Alhamis ya fito daga aji ransa a ɓace. Ilona Markovna, malamarsu, 'yar garin nan ce, tana jin ya ambaci hawa bas ɗin Zapolye ta tsayar da shi. Ta ce ya isa haka, ya zaɓi wata hanyar, ko daga nan zuwa gidan waya.

"Kwana uku ina shiri," ya ce mini yana sa riga. "Me ya sa? Na yi kuskure da yawa?"

Na ce ban sani ba, na miƙa masa hularsa.

Ranar Lahadi nakan ci abincin rana a gidan 'yata Lyuba. Mijinta Gena yana da wata tsohuwar mota jif, kuma da kaka yakan ɗebo lema ya sayar wa masu gidajen abinci. A shekarar wuraren da ya sani ba su ba shi komai ba, sai ya huce a kaina, kamar yadda ya saba.

"Mama, ke fa 'yar ƙauye ce," in ji shi, bakinsa cike da dankali. "Shekara ashirin da biyar a garin nan, ko wurin lema ɗaya ba ki sani ba."

"Gena, ka bar Mama ta ci abinci," in ji Lyuba.

"Ai yabonta nake. Ta yi karatu da furfura, ta samu babban muƙami. Ministar maɓallai. Duk duniya na zuwa wurinta da riguna. Mama, me suke gaya miki duk yini? Ko ke ma ba ki gane ba, kina dai gyaɗa kai?"

Shekara goma sha biyu ina shanye irin wannan a teburin. Ranar na ajiye cokali na ce, "Bas ɗin Zapolye na bakwai saura kwata." Na ci gaba, turaku, taya, gungume, taku ɗari uku, ban tsallake komai ba. Gena ya daina tauna. Ya jawo wayarsa ya ce in maimaita daga turakun. Na maimaita. Na ji daɗin yadda ya yi shiru yana saurarona, ba zan ɓoye ba.

Kwana takwas bayan haka, da safiyar Litinin, Raisa Lvovna ta shigo makaranta. Ƙaramar mace ce, da sanda a hannu. Ta wuce kantata da rigarta a jiki, abin da ba a yi, ta tsaya tsakiyar zaure ta ce a kira mata shugaba da Ilona Markovna. Nyoman yana biye da ita, ya tsaya jikin bango.

"Raisa Lvovna, mu shiga ofis," in ji shugaba.

"Ba na shiga ko'ina. A nan zan faɗa, kowa ya ji, tunda makarantarku ta kowa ya ji ce." Ta juya ga malamar. "Ke ce mai ba da aikin gida?"

"Ni ce."

"Shekaranjiya na koma wurina. Wurin uwata. Mu uku ta haifa, ni kaɗai ta nuna wa. Daga wurin ta ciyar da mu bayan yaƙin duniya. Shekara sittin ina zuwa, da wuƙa nake yanka, in mayar da gansakuka in rufe da hannuna. Kin san abin da na tarar? Manjagara aka sa. An kwashe gansakukar kamar ana sharar kasuwa. Sawun mota har bakin rafi. Kwalaben giya. Ko ƙananan da ba su kai ɗan yatsa ba an tumɓuke."

"Abin bai yi daɗi ba ko kaɗan," in ji Ilona Markovna. "Amma na tsayar da shi tun a tashar bas. Ko gada bai kai ba. Ɗalibai goma sha ɗaya shaida ne."

"Ɗalibai goma sha ɗaya da ba su san bambancin lema da takalmi ba. Littafinsa fa? Ba ke kike dubawa ba? Mijinki ba shi da mota?"

Fuskar malamar ta yi ja. "Mijina ba ya cin lema, Raisa Lvovna. Kuma ni ba ɓarauniya ba ce."

"To aljanu ne suka karanta littafin."

Nyoman ya matso ya ce, "Raisa Lvovna, ban sani ba. Ba ki ce mini sirri ne ba."

Ba ta dube shi ba. Ta juya ga shugaba, kamar shi ba ya wurin. "Ki gaya wa wannan, yaron da bai fara makaranta ba ma ya san ba a faɗa. Ƙanwata ta roƙe ni har ta mutu ban kai ta ba. Na kai shi ne don gwiwata ta daina ɗaukar kwando, kuma don na ga zai koma can ƙarshen duniya, ba shi da wanda zai gaya wa. Ashe lasifika na ɗauka. Ku nema masa wuri. Ranar Asabar ya bar mini gida."

"Saura wata guda jarrabawarsa. Gidaje duk sun cika, sai masaukin ɗalibai," in ji shugaba.

"Ya je can su yi ta Turanci. Ba ruwana."

Duk wannan a gabana aka yi, taku biyar daga kantata. Lamba ce a hannuna, ta arba'in da biyu, na matse ta har ta yi mini shaida a tafin hannu. Babu wanda ya dube ni. Ba a duban mai karɓar riguna.

Da na tashi aiki ban je gida ba, garejin Gena na nufa. Na same shi yana wanke laka daga tayoyin jif.

"Da manjagara ka je," na ce.

"Mu huɗu muka je, Mama. Da hannu sai mu kai sati." Ya yi dariya. "Wallahi wurin nan naki zinari ne. Na janye duk abin da na taɓa faɗa a kanki."

"Ba nawa ba ne. Na wata tsohuwa ne."

"Tana da takarda? Dajin gwamnati ne."

"Ka kashe wurin, Gena. Ka san in an kwashe gansakuka shekara goma ba za ta dawo ba. Ubanka bai koya maka ba?"

Ya kashe ruwan ya dube ni. "Ni na tambaye ki? Ke kika buɗe baki, sau biyu kika karanta mini kamar 'yar aji ɗaya. Yanzu kuma ni ne mugu. In kina neman wanda za ki yi wa faɗa, akwai madubi a jikin motar nan."

  Na ɗauki bokitinsa na ruwan sabulu na kifar a kan takalmansa, na tafi. Tun kafin in kai tasha na san ba shi kaɗai nake jin haushi ba.

Talata da Laraba Nyoman ya miƙo riga ya karɓi lamba bai tsaya ba. A bakin sauran ɗalibai na ji yadda gidan ya koma. Tana dafa masa abinci kamar kullum, ta ajiye faranti, amma ko kalma ɗaya. In ya gaishe ta sai ta ƙara muryar rediyo. Mutumin da ya ƙetare rabin duniya don a yi masa magana. Ilona Markovna ma ta daina shan shayi a ɗakin malamai, don an fara yi mata wani irin kallo.

Ni kuwa ina rataye riguna. Kullum da safe sai in ce yau zan faɗa. Sai in tuna yadda Raisa Lvovna ta tsaya tsakiyar zauren nan, in ga kaina a inda Ilona Markovna ta tsaya. Sai in ce ai ranar Asabar zai koma masauki, ƙarshen Oktoba ya tafi ƙasarsu, magana ta mutu.

Ranar Alhamis bayan an tashi, zaure ya watse, sai ga shi da littafinsa.

"Gwaggo Klava, minti biyar. Na rubuta ban haƙuri. Ki saurara."

Ya fara karantawa. Mai girma Raisa Lvovna, na yi kuskure babba, ban san al'adarku ba. A layi na uku ya tsaya, ya rufe littafin ya buga shi a kan kanta.

"Ba zan iya ba. Ƙarya ce. Ba na jin na yi laifi, haushi nake ji." Maganarsa gajeru take fitowa, amma ranar babu kalmar da ta ƙi zuwa. "A garinmu, in ka san hanya mai kyau, kana nuna wa mutane. Aikina ke nan, shekara goma sha biyar. Na nuna wa baƙi ɗaruruwa wuraren da kakana ya nuna mini. Ban taɓa cewa nawa ne ba. A nan kowa ya san doka, babu mai faɗa. Kuna jira baƙo ya taka, sannan ku ce ko yaro ya sani. Ni ba yaronku ba ne."

Na ce haka ne.

"Haka ne," ya maimaita, yana kwaikwayon muryata. "Kullum haka ne." Ya jingina da kanta ya rage murya. "Na yi tunani kwana huɗu. A aji ban kai gada ba. Littafina ba ya barin jakata, Ilona Markovna ba ta taɓa shi ba. Matata na gaya wa a waya, tana Bali. Mutum ɗaya ne a garin nan ya ji hanyar har ƙarshe. Sau uku."

Ya kafe ni da ido.

"Ki ce ba ke ba ce."

Na dubi lambobin da ke rataye a allo.

"Ranar Litinin kina nan," in ji shi. "Ina jikin bangon can, ke kina nan. Ta kira ni lasifika. Ta kira malamata ɓarauniya. Na dube ki, na ce a raina Gwaggo Klava tana tausayina."

"Surukina ne ya je," na ce. Muryata ta fito ƙarama. "Ni ban taka wurin ba."

"Ban tambaye ki wa ya je ba."

"Za ka gaya mata?"

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Da wane baki? Ba ta jin nawa. Kuma in na faɗa, za ta ce na sake kai labarin wani. A'a. Kin iya Rashanci fiye da ni, Gwaggo Klava. Kin ma iya haddacewa." Ya ajiye lambarsa. "Rigata."

Na kawo masa. Bai bari na riƙe masa ya zura hannu ba, kamar yadda nake yi wa kowa.

Ranar Asabar da hantsi na hau bas zuwa ɗaya gefen kogi. Gidan Raisa Lvovna a hawa na huɗu yake, babu lif, sai matakala. A kowane hawa na tsaya, ba don gajiya ba. Da ta buɗe ƙofa na ga akwatin Nyoman a bayanta, an ɗaure shi, rigarsa a kai. Shi yana zaune kan wata 'yar kujera yana ɗaure takalmi.

"Ke ce ta wurin riguna," in ji ta. "Su suka aiko ki ki raka shi? Ga shi nan."

"Ba aiko ni aka yi ba. Magana ce da ni."

Ta auna ni da ido, ta tura mini silifas da ƙafa. Muka shiga kicin. Kwalaben adana lema ne jere a kan tebur, wankakku, sun fi talatin, babu komai a cikinsu. Ba ta ce in zauna ba. Nyoman ya zo ya tsaya bakin ƙofar kicin da takalmi ɗaya a ƙafa.

Na fara. Na ce ɗalibai sukan gwada aikin gida a kaina. Na ce Nyoman ya gwada nasa, bai san komai ba. Na ce Ilona Markovna gaskiya ta faɗa. Na ba da labarin Gena, yadda yake yi mini a teburin 'yata shekara goma sha biyu, abin da ya kira ni ranar, da jif ɗinsa, da abokansa uku. Na ce na je na same shi na yi masa faɗa. Na daɗe ina magana, ina jin ban taɓa yin magana mai tsawon haka a gaban baƙuwa ba. Ita kuwa tana tsaye, hannunta a kan sanda.

"Kin gama?"

"Na gama."

"Daga wane ƙauye kike?"

Na faɗa mata.

"To kin sani. Shi bai sani ba, ke kin sani. Tun yana turaku kin san abin da kike ji."

"Na sani."

"Kika bar shi ya kai ƙarshe."

"Sau uku," in ji Nyoman daga ƙofa.

"Kai yi shiru, ba da kai nake ba," in ji ta. Ita ce kalma ta farko da ta yi masa cikin mako guda, na ga shi ma ya lura. Ta dawo kaina. "Kika sayar da wurin uwata don surukinki ya daina tauna minti biyu. Sannan kika tsaya kina kallo ina zagin malama a gaban ɗalibanta. Shekarata saba'in da huɗu ban taɓa ɗora wa mutum satar da bai yi ba, sai da kika sa ni. Yanzu ni ce zan hau bas da gwiwar nan in je in sunkuyar da kai gaban yarinyar da na haifi kamarta." Ta buga sandar a ƙasa, kwalaben suka yi ƙara. "Ana ce mini mai riguna mutuniyar kirki ce, ba ta da surutu. Gara mai surutu. Mai surutu ana jin zuwansa."

Ban kare kaina ba. Babu abin da ta faɗa da ban riga na gaya wa kaina ba, sai dai a bakinta ya fi zafi.

"Kuma kin zo kin cika mini kicin da labarin Gena," ta ci gaba. "Gena ya ce, Gena ya yi, Gena yana da jif. Ni ina ruwana da Gena? Labari kika ba ni. Ban ji abin da ya kawo ki ba."

Na buɗe baki na ce, "Raisa Lvovna..."

"Ba ni ba. Nawa ba ya gyaruwa, ki riƙe ban haƙurinki, wataƙila bayan shekara goma, in gansakuka ta dawo kuma ina da rai." Ta nuna ƙofa da sandar. "Ga wanda ya kwana bakwai a gidan nan kamar kujera. Nyoma, cire takalmin nan, kana ɓata mini daɓe. Shigo ka tsaya inda za ta gan ka."

Ya cire takalmin ya shigo. Bai sassauta fuska ba. Ya tsaya gabana ya harɗe hannuwa, yana jira, kamar yadda ni nake jiransu a kanta in kalma ta maƙale. Kicin ɗin ƙarami ne, babu inda zan kai idona. 

"Da ƙarfi," in ji Raisa Lvovna. "Ɗalibi ne, sai an fito da kalma sosai yake ji."

Na ɗaga kai na dube shi.

"Nyoman, ni ce na faɗa. Na san sirri ne, na bar ka ka faɗa mini, na kai wa wani. Aka zage ka a gabana na yi shiru. Na cuce ka. Ka yafe mini."